Motar Alhaji Ce, Daga Juma'a Sai Juma'a

A unguwarmu babu wanda ya taɓa sayar da mota ya faɗi. Tambayi kowa ka ji. Wanda ya saki tasa bara ya ci riba, wanda ya rabu da tasa da azumi ya ci riba, har wanda aka ja tasa da igiya zuwa Ƙofar Ruwa aka yanka ta aka sayar gunduwa-gunduwa, in ka zauna da shi a benci zai ce maka injin kaɗai ya mayar masa da kuɗinsa. Mu dai Allah ya yi mu da sa'ar ƙarfe. Mutanen Turai da Amurka suna kukan cewa sabuwar mota tun daga ƙofar shago take fara zubar da daraja, shekarar farko ta zubar da kamar kashi 20 cikin 100, kafin shekara 5 rabi ya tafi ko fiye. Mu kuwa mu hau mota shekara biyar, mu kai amarya da ita, mu ɗauko ragon layya a but, yara su koyi tuƙi da ita a filin makaranta, sannan mu sayar ninki biyu mu dawo majalisa muna gyara zaman hula.

Alhajin kan kwana shi ne sarkin wannan labari. Ya sayi Corolla a 2019 kan naira miliyan 2 da rabi, ya sayar a 2024 miliyan 6, kuma tun daga ranar babu daren da ba ya tuna mana. "Ku masu cewa mota ba kadara ba ce, ina kuke?" Mu dai sai gyaɗa kai, domin wanda yake biyan kuɗin shayin majalisa ba a cika musu da shi ba. Sai ran nan malamin nan na sakandare mai koyar da lissafi, wanda ba ya tsoma baki sai an zo kan lamba, ya ajiye kofinsa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, lokacin da ka saye ta nawa ake canjin dala a Wapa?"

"Wajen 360."

"Ranar da ka sayar fa?"

"Ta kai 1,500."

"To ka saye ta dala kusan 7,000 ke nan, ka sayar da ita dala 4,000."

Alhaji ya ce shi ba da dala yake cefane ba. Malam ya ce to a bar dala, a koma kujerar Makka, tunda ita kowa ya san kuɗinta. A 2019 kujera tana wajen miliyan 1 da rabi, wato kuɗin motar sun isa mutum ya sauke farali, ya bar miliyan guda na tsaraba da na gida. A 2024 kuwa sai da kujera ta haura miliyan 6 da rabi, kuɗin motar kaf ba za su kai mutum sansanin alhazai ba. Alhaji ya duba agogo ya ce dare ya yi. Abin da bai taɓa ba mu labari ba, sai a bakin yaronsa muka ji, shi ne ranar da ya ɗauki miliyan shidan ya tafi neman wata Corollar Beljiyam mai ɗan dama-dama, dillali ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "To Alhaji, cikon nawa ka riƙo?"

Motar Alhaji ta tsufa kamar kowace mota, naira ce kawai ta riga ta. Kumburi muke gani muna kiransa ƙiba. Mu kusan ba ma ƙera mota. Ko zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kakuri ta Kaduna, tun daga 1975, yawancin kayan daga Faransa ake kawo su. Yau kusan duk abin da ke gudu a titinmu jirgin ruwa ne ya kawo shi, da dala aka saya, da dala aka yi jigila, kwastan ma da farashin dala suke lissafa duti. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar tudu, hanyar da 'yan Kwatano suka saba bi ta Maraɗi su ɓullo Jibiya ta koma ta dare da fargaba. Sai kuma aka saki naira a Yunin 2023. Beljiyam ta fi ƙarfin ma'aikaci, ma'aikaci ya juyo kan ta hannu, ta hannu ta ga masoya sun yi yawa ta ɗaga kai. Ribar tamu ke nan gaba ɗayanta. Ɗan'uwanmu na Maraɗi, da sefarsa take ɗaure da yuro, ba kasafai yake samun wannan daɗin bakin ba.

Amma abin dariyar yana gaba. Ku dubi yadda muka jera motoci hawa-hawa. Akwai sabuwa dal, ta gwamnati da banki da 'yan siyasa. Wannan ba tamu ba ce, a titi kawai muke gaisawa. Akwai Beljiyam, ko da kuwa daga Amurka ko Kanada ta fito. Sannan akwai ta hannu, wato wadda ɗayanmu ya hau. Motar da ta shekara 15 a hannun wani Bature, ta sha ƙanƙara da gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi, ta yi karo aka kai ta gwanjo, tana sauka Legas sunanta sabuwa, har zagayawa ake yi da ita gidajen dangi a sa albarka. Ita wannan motar dai, ranar da aka ɗaura mata lamba, ko Kabuga ba ta wuce ba, kuɗinta ya sauka. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi wata shida yana yawo ba lamba, yana bin lungu don kada ya yi kiciɓis da 'yan KAROTA. Ka tambaye shi ya ce takardu suna hanya. Ba takardu ba ne. So yake in ta ishe shi ya wanke ta tas ya mayar wa dillali a matsayin wadda ta sauka jiya.

Me ya sa muka fi yarda da Baturen da ba mu taɓa gani ba a kan maƙwabcin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci? Saboda mun san kanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Son mota kam muna yi, wannan ba musu. Da asuba yaro ya wanke ta da omo da soso kafin ya wanke fuskarsa. Ledar kujera ba ma cire ta sai ta yage don kanta, ko a zafin Afrilu mutum ya zauna bayansa na mannewa. A shimfiɗa wa gaban mota darduma mai gashi, a rataya carbi a madubi, a turara ta da turaren wuta kamar ɗakin amarya. Duk abin da ido yake kaiwa muna tattalinsa. Abin da ke ƙarƙashin bonet kuwa sai dai Allah ya kyauta.

Juye sai an tuna. In an tuna ɗin ma, kamfani ya rubuta lambar baƙin man da injin yake so a kan murfi ko a littafin mota, kuma na motocin zamani mai ruwa-ruwa ne, mu kuwa mai kauri muke so, wai zafin ƙasarmu daban ne. A auno shi daga durom a bakin titi, babu wanda ya san asalinsa. Mota tana sauka, hidimar farko da bakanike zai yi mata ita ce ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce, "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne." Alhali shi ne yake sa inji ya kai zafin da aka gina shi a kai ya tsaya nan; in babu shi inji yana aiki da sanyi, yana ƙara shan mai, yana cin kansa a hankali. Ruwan lagireto mai launi ya ƙare, a ɗura na rijiya ko a fasa fiya wata biyu a bakin danja. Shekara biyu tsatsa ta toshe hanyoyin, ranar da za a tafi biki Zariya mota ta yi zafi a Kwanar Dangora, gaskit ya ƙone, a buɗe inji. Inji kuwa da zarar an buɗe shi, ko wane gwani ne ya ɗaure, kuɗinsa a kasuwa ya sauka ke nan har abada.

Fitilar gargaɗin nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mu ce ai haka suke zuwa, a liƙa mata sitika ko a sa mai waya ya kashe ta. Akwai kuma abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda makanikai suke kira indomi. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa yake da masu saye. Wani bakaniken zai ce maka ya toshe, shi ke hana motar jan hanya. Ya fasa ya zazzage, kai ka biya kuɗin aiki, shi ya sayar da garin. Wani ma ba zai gaya maka ba, sai ranar da mai saye ya leƙa ƙarƙashi ya ga ɗinkin walda ya zabge maka kuɗi.

Sai aro. Babu abin da ke tsofar da mota a unguwa kamar "Yaya, ba ni makulli zan je nan kusa in dawo." Nan kusan Wudil ce. Kuma ba ka isa ka hana ba, a ce ka yi kuɗi ka canza. Ranar kai amarya mutum tara a motar mutum biyar, ranar kasuwa buhun masara huɗu a but har salansa tana jan ƙasa. Wannan kam ni ba zan ce a daina ba, zumunci ya fi ƙarfe. A dai sani cewa shokozoba ce take biyan kuɗin zumuncin, kuma mai saye zai cire su daga farashi ba tare da ya tambayi wa aka kai biki ba.

Ranar sayarwa tana zuwa duk sai mu zama salihai. A kai wa mai fenti ya shafe ƙwarzane, a wanke inji har yana ɗaukar ido, a ɗura baƙin mai mafi kauri don ya rufe bakin ƙara, a shafa wa tayoyi mai. Dillali kuma ya hau karatu. A kasuwar motocin garin nan babu motar da ta taɓa yin haya. Ko dai ta Alhaji ce, daga Juma'a sai Juma'a yake fito da ita, ko ta Hajiya ce, daga gida sai makarantar yara, ko kuma ta wani likita ce a Abuja da ya samu aiki a waje. "Wallahi yallaɓai fentin kamfani ne, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa kwancewa ba. Saya ka hau. Esi kamar firiza." Ka kunna ka ji iska mai zafi, ya ce gas ne kawai. A garin nan duk esin da ya mutu gas ne kawai.

Mitar tafiya kuwa ba a magana. Ba'amurke yakan yi kimanin mil 12,000 a shekara, wato motar da ta shekara 15 a hannunsa ta doshi mil 180,000, kusan kilomita 290,000. Amma zaga kasuwa ka leƙa: wannan 82,000, waccan 79,000, ta gefenta 85,000, sai ka ce a gida ɗaya aka haife su. Sitiyari ya goge har yana sulɓi, robar birki ta cinye, kujerar direba ta lotsa, mita tana rantsuwa yarinya ce. Liman ya sha yin huɗuba a kan ɓoye aibin haja, mu ce haka ne, Allah gafarta Malam, ranar Asabar a kira yaron nan mai kwamfuta ya mayar da mita baya.

Saboda haka in ɗayanmu zai sayi mota Baba direba muke ɗauka, wanda ya tsufa a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ladansa goro da kuɗin mai. Ba ya sauraron dillali ko kaɗan. Da isarsa zai ɗora tafin hannu a kan bonet. In ya ji ɗumi ya ce a dawo gobe da sassafe, domin injin da aka riga aka tayar ya ɓoye rabin ciwonsa. Ya bi jikin motar yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, inda ƙarfe yake ya amsa, inda aka cike da fila ya yi dum. Ya buɗe ƙofa ya ɗaga robar gefe ya ga ko fenti ya hau ta. Ya duba kan ƙusoshin bonet da na ƙofofi ko sufana ta taɓa cizon su. Ya kwance murfin baƙin mai ya leƙa. In ya ga fari-fari a jiki, ruwa ya haɗu da mai. Sannan ya sa a tayar, shi yana tsugune a baya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi, inji yana shan baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa, gaskit ne. Can ƙarshe ya ɗaga kafet ya shinshina, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya shafo ƙarfen da take gudu a kai. In ya fito da tsatsa ko busasshiyar laka, sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Ɗana, wannan ta yi iyo," ya kama hanya ko sallama babu.

Kuma suna yin iyon. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci. Kamfanonin inshora su biya masu su, su tura motocin wuraren gwanjo irin su Copart, kuma a irin wuraren nan ne da yawa daga 'yan kasuwarmu suke saye. Ba sai an je Amurka ba ma. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta shanye motoci har rufi. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya ƙalau, sai bayan 'yan watanni wayoyi da kwamfutarta su fara ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice.

Yaran yanzu sun zo da abin da ya fi hancin Baba. Lambar shasi mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, su kwafa su sa a waya. In motar Amurka ce, sau da yawa har hotonta na ranar gwanjo zai fito, gaba a murƙushe, jakar iska a waje, ga kuma tafiyar da ta yi ta gaskiya. Na ga dillalin da aka nuna wa irin hoton nan, ya ƙura masa ido, ya ce, "Wannan ai kama ce." Haɗari dai ba duka ɗaya ba ne. Bamba da fitila an canza an wuce wurin. Amma in bugun ya kai shasi, motar za ta dinga cin taya gefe guda tana jan hannu har ranar da za a yanka ta.

Wanda ya fi cutuwa a wannan wasa shi ne mai gaskiya. Mai saye ya shigo kasuwa ne da yaƙinin cewa kowa ƙarya yake, don haka tayin da zai yi wa maƙaryaci shi zai yi wa mai amana. Mutum ɗaya na sani da ya tsallake, tsohon akawun nan na bayan masallaci. Yana da littafi mai bangon shuɗi irin na 'yan firamare a cikin akwatin gaban motarsa: ranar juye, abin da mita ta nuna, irin man da aka zuba, rasit a maƙale da allura. Mun daɗe muna yi masa dariya wai ko rahoto zai kai wa Gwamna. Motarsa ba ta taɓa ganin kasuwa ba. Tun yana hawanta mutane suke kama layi, "Baba, in za ka sayar ka fara gaya mini," kuma abin da ya faɗa shi ake biya.

Sai dai kafin duk wannan bincike, sunan da ke goshin mota ya riga ya yanke rabin hukunci. Toyota a wurinmu kuɗi ce a aljihu. Corolla, Camry, Hilux, Hiace, fito da ita da hantsi, kafin la'asar an taya. Ba don ta fi kowace mota daɗin hawa ba. In ta tsaya maka a Gumel ko Malumfashi akwai yaron da zai gyara ta a gindin darbejiya, kayanta kuma ka shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna ka same su iri uku, sabo da Beljiyam da ɗan Caina, kowa daidai aljihunsa. Mai saye ba motar kaɗai yake saye ba, har da bakaniken da zai taɓa ta. Haka Peugeot 406 ta riƙe mutuncinta a Arewa shekara da shekaru bayan an daina yin ta, haka Golf 3 da Sharan suka ƙi mutuwa a tashoshinmu.

Manyan motocin Jamus da Ingila kuwa su ne suka fi kowa gangarowa. Tana sabuwa ta ninka Corolla sau nawa, bayan shekara goma sha sai ka ga farashinsu ya matso kusa da juna. Saurayi ya ga araha ya saya, ya yi wata biyu yana ɗaukar hoto a jikinta, sai wata 'yar na'ura ta mutu, a ce sai an yi oda, mai gyaran kuma yana Abuja. Kuɗin saye ne ya sauko wurin talaka, kuɗin gyara yana can wurin masu kuɗi bai motsa ba.

Fetur ma ya sake jera kasuwar. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tambayar farko a kasuwa ta koma "fulogi nawa ce?" Masu fulogi shida da takwas, da a da ake tsayawa kallonsu, suka cika bakin titi da galan a kan rufi, alamar na sayarwa ne, babu mai tayawa. 'Yan ƙananan da muke rainawa muna cewa motar mata, su suka zama 'yan gata. Launi ma yana da nasa: fara da ruwan azurfa da ruwan toka suna tafiya da wuri, ja ko ɗorawa sai mai so. Jita-jita kuwa ta fi su duka sauri. Bakanike ɗaya ya ce ƙirar kaza tana cire ƙafa ko giyarta ba ta da lafiya, ko da jabun kaya da ramukanmu ne sila, shi ke nan duk 'yan'uwanta sun shiga uku a kasuwa.

Takardu kuma su ne abin da muke bari sai ƙarshe, bayan mun gama soyayya da fenti. Mota mai kyau da babu takardar kwastan, ko lambar shasin takarda ta saɓa da ta jikin mota, arha take kamar me, har ranar da za a tare ka a hanyar Katsina a ce ka fito. Wata kuma ta bi hannu biyar, har yanzu sunan na farko ne a takarda, shi ɗin ma ya rasu. Cinikin biri a sama ke nan, kuma muna yi, mu ce ai wurin ɗan'uwa na saya.

Abin da ya fi karya farashi, a ganina, ba inji ba ne, ba fenti ba ne, fuskar mai sayarwa ce. Dillali yana jin ƙanshin matsuwa tun daga bakin ƙofa. In ya gane kuɗin makaranta ne, ko kayan ɗaki, ko mara lafiya a asibiti, tayi sai ya sauka, kuma duk wanda za a kira ya zo ya taya ƙasa da na farko zai taya, domin sun riga sun gaisa a waya. Tsakaninka da mai saye na gaskiya akwai mutum huɗu, kowa ya ɗora nasa, ban da la'ada. Ka sallama a miliyan 4, bayan sati ka ga motarka a layin surukanka, ka ji an saye ta 5.

Tsoron wannan ne yake jefa wasunmu cikin asarar da ta fi. A taya mota, mai ita ya ce albarka, an raina masa hankali, ya mayar da ita gida ya ajiye a ƙofa sai kasuwa ta gyaru. Mota kuwa zama ya fi tafiya kashe ta. Batir ya mutu, tayoyi su sace su tsage, fetur ya lalace a tanki, birki ya kama, rana ta fasa gaban, ɓera ya shiga ya cinye wayoyi, awaki su mayar da inuwarta wurin hutu. Leƙa kowane layi a unguwar nan za ka ga guda, kuma mai ita har gobe yana faɗin kuɗin da aka taya ta shekara uku da suka wuce.

Mafi yawan irin waɗannan ma na gado ne. Maigida ya rasu ya bar mota mai lafiya, babban wa ya ce kada a taɓa sai an raba, ƙani yana Legas ba a same shi ba, uwargida da amarya kowa tana zargin ɗan ɗakin wata zai handame. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, motar da za ta biya wa marayu kuɗin makaranta ta koma abin da 'yan gwangwan za su auna a sikeli. In akwai irinta a ƙofar gidanku, don Allah ku zauna da 'yan'uwa cikin makon nan, ku kira mutum biyu da suka san mota su yi mata kuɗi a gaban kowa, a sayar a raba kafin damina ta sauka.